Robar Hannun Malam Inuwa

Ku samarin yanzu, in kun zo wucewa ta rumfata a Jakara kuka gan ni ina juya robar hannun keke ina matsa ta kamar mai sayen tumatur, sai ku kama dariya. Kai ma da ka shigo yanzu da waya a kunne, me ka ce mini? "Baba, roba ce fa kawai, zura ta ka ba ni in wuce." To, sannu da sauri. Jawo bencin nan ka zauna, keken ba gudu zai yi ba. Tunda roba ce kawai, bari in ba ka labarin roba.

A Dukawuya na koyi sana'ar nan, wurin Malam Tanko, Allah ya jiƙansa. Gajeren mutum ne, mafaɗaci, kunnensa ɗaya ba ya ji, kuma kullum wancan kunnen yake juyo maka in ka zo da uzuri. Da faci ya fara ni: ka kankare tiyub, ka shafa sholisho, ka jira ya sha iska kafin ka liƙa. Daga nan sai ɗaurin sifoki da daidaita gargare, sai wanke boris da zuba giris, sai gyaran birki. Na iya kwance keke gaba ɗaya in mayar da shi, amma mutumin nan bai yarda in sa wa kowa robar hannu ba. Ni a lokacin wulaƙanci na ɗauka. Wai ni da nake ɗaure taya ta tsaya cak, a hana ni zura roba a ƙarfe!

Sai da na daɗe kafin na lura da abin da yake yi. In mutum ya zo sayen roba, Malam Tanko ba ya ko kallon kwalin robobi. Goge hannunsa yake yi da tsumma, ya miƙa a yi musabaha, ya riƙe hannun mutum yana ta gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya kasuwa, ya muka ji da zafi, alhali mutumin da ba ya son magana ne. Ashe awo yake yi. Yana jin faɗin tafin, yana jin tsawon yatsu, yana jin ko hannun mai gumi ne ko busasshe, yana jin ƙarfin damƙa. Kafin a saki hannu ya riga ya san wadda zai ɗauko. Ranar da na gane, na tambaye shi. Ya ce, "Usaini, sirdi na ɗauke da mutum, taya na ɗauke da sirdi, amma ran mutum a hannunsa yake." Daga nan ya ce in tashi in kawo masa ruwa, surutu ya ishe shi.

Kuma ka sani, keke ba ɗaya ba ne. Naka ɗin nan na gwanjo, kansa miƙaƙƙe ne kamar sanda a gicciye, hannu kifewa yake a kai. Amma baƙaƙen kekunan da muka tashi da su, masu birkin ƙarfe, kansu lanƙwasasshe ne, ƙahonnin biyu sun dawo baya suna kallon cikin mai tuƙi. A irin wannan kai, hannu yana zama ne yadda yake zama in kana gaisawa da mutum, babban yatsa a gaba, gwiwar hannu a sake, bayanka a miƙe, babbar rigarka ba ta ko yamutsewa. Sai dai akwai abin lura. In ka taka feda a hawa, baya kake jan robar, ta inda ta shiga ta nan kake jan ta. In ba ta kama da kyau ba, sai ka ga ta fito a hannunka, kai kuma ka tafi ƙasa. Shi ya sa ba a sa ta da mai, ba a sa ta da sabulu, duk saurin da kake yi. A kankare tsatsa da samfefa, a jiƙa robar a ruwan zafi ta yi laushi, a tura ta da tafin hannu, a bar ta ta huce ta kama.

Zaɓen ma ba a yin sa da ka. Mai soso tana da daɗin riƙo a sabunta, amma gumi take sha, rana ta gasa ta, ba a jima ba ta fara marmashewa. Mai gurbin yatsu kyau gare ta a ido, amma gurbin na hannun wani ne can da ba ka taɓa gani ba. Mai fiffike da ake yayi yanzu, don miƙaƙƙen kai aka yi ta, ka sa ta a lanƙwasasshe sai ta murɗa maka wuyan hannu. In ta yi tsawo ta hau kan lanƙwasar, ta tokare hannun birki. In bakinta a buɗe yake, ruwan damina ya shiga ya cinye ƙarfen ta ciki. Duk wannan a cikin abin da ka ce roba ce kawai.

Malam Inuwa na fara yi wa aiki tun ina sabon buɗe rumfa. A Koki yake zaune, yana da ɗan shago na kayan yaji a nan bayan Jakara, citta, kanumfari, masoro, kimba. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Kekensa baƙi ne, tsohon yayi, ya goge shi tas har kana ganin fuskarka a ƙararrawa, kuma ko'ina aka ajiye shi ƙanshin kanumfari yake. Hannun mutumin nan a da, subhanallahi, in ya damƙe ka sai ka ji zobenka ya shige nama. Baƙar roba mai tauri nake sa masa, mai rufaffen baki, ba wata kwalliya.

Shekarar da babura suka cika gari, lokacin da kowa ya koma acaɓa, mun sha wuya a sana'ar nan. Keke ya zama abin dariya. Sai in wuni ban riƙe sifana ba. Robobin da na saro suka bushe a kwali suka tsattsage, na zubar. Abokan sana'a wasu suka koma facin babur, wasu suka kwashe kaya suka tafi ƙauye. A wannan shekarar Malam Inuwa bai taɓa yin mako bai zo ba. Sai ya jingine keken ya ce, "Usaini, wani ƙara nake ji a baya." In juya taya, in saurara, shiru kake ji. Ya ce, "To duba gaba." Gaban ma lafiya lau. Ya ce in dai ɗaɗɗaure notuna, ba a sani ba. Ya sallame ni kamar na yi aikin gaske, ya ajiye mini ƙullin citta na shayi, ya hau abinsa. Ni na san babu ƙara, shi ma ya san na sani, kuma har yau ba wanda ya tayar da zancen.

To, a bara ne, bayan kekuna sun fara dawowa saboda tsadar mai, wata safiya sai ga 'yarsa Rabi. Malamar makaranta ce, da 'ya'yanta manya, amma ni tun tana goye na san ta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ƙi zama a benci.

Ta ce, "Baba Usaini, Malam ya faɗi a keke."

Na ce, "Innalillahi! Yaushe? Ya ji ciwo?"

Ta ce makon da ya wuce, a bakin wata kwalbati. Mai adaidaita ne ya tsaya a gabansa babu zato, shi kuma bai ja birki ba, ya je ya dake shi ta baya, ya faɗi ya kurje gwiwa da kafaɗa. Allah ya tsare, babu mota a bayansa. Shi dai cewa yake yi robar hannu ce ta zame masa. Tun daga ranar suka ɓoye makullin keken, shi kuma tun daga ranar bai fita ba. Shago a rufe. Yana zaune a soro yana kallon keken, abinci sai an yi da gaske yake taɓawa. Sun ce za su ɗaukar masa adaidaita ta riƙa kai shi tana dawo da shi, ya ce shi ba buhun masara ba ne. Sun sayo masa sanda, ya ce a kai wa tsofaffi.

Ta ce, "Jiya ya matsa sai da muka ba shi makullin, wai zai kawo maka a canja roba. Don Allah Baba, in ya zo ka ce masa keken ba zai gyaru ba."

Na ce, "Rabi, keken da ni na san kowane notinsa? Ai yana jin wannan zai gane ke kika aiko."

Sai ta fara share hawaye da bakin mayafi. Ta ce, "To ya zan yi? In ya hau, tsoro nake ji a kawo mini shi a kwance. In ya zauna, ga shi nan yana ƙarewa a gaban idona." Wallahi ta ba ni tausayi. Na ce ta je, Allah ya yi mana jagora, amma ban yi mata alkawarin komai ba.

Da hantsi sai ga shi, ya turo keken. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya kafe keken, ya ce, "Usaini, aikinka ya lalace. Robarka ta kusa kashe ni."

Na goge hannuna na miƙa masa. Ya ɗan yi jim, don ya san halina, ya san wurin wanda na koya. Sannan ya miƙo. Na riƙe ina gaisuwa, ya jiki, ya gida, ya muka ji da abin da ya faru. Babban yatsa da manuni suka kama ni da ɗan ƙarfinsu. Sauran yatsun suna kwance a tafina a sanƙare, ba su lanƙwaso ba. Hannun nan da yake sa ni cije leɓe a da, yau kamar na riƙe hannun jariri.

Na juya wajen keken. Na kama robar dama na murɗa da hannu biyu, ko motsi ba ta yi ba. Ni na sa ta, na san yadda na sa ta. Na sunkuya na duba. Samanta, inda tafi yake kwanciya, ya goge yana sheƙi. Ƙasanta, inda ya kamata yatsu su zagayo su cinye, ƙura ce kwance a kai. Ashe ya daɗe yana tuƙi da tafin hannu kawai, Allah ne ke tsare shi.

Na ce bari mu gwada. Na yanke tsohuwar robar, na sa mai soso, ya riƙe ya ce ta yi siriri. Na sa mai gurbin yatsu, yatsun suka ƙi shiga gurbin. Sai na yanko tsohon tiyub dogo, na naɗe ƙarfen da shi, na ƙara naɗi, har ya yi kaurin rake mai kyau. Hannun da ba ya rufuwa, kauri yake so, kaurin ne zai zo ya same shi. Ya ɗora hannu, sai na ga fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Yawwa! Ka ga abin da nake faɗa musu. Ai ga shi na riƙe gam."

Na ce, "Malam, ja birki."

Ya miƙa yatsu. Suka taɓa hannun birkin, suka zame. Ya sake, suka zame. Na ɗauko filaya na lanƙwaso ƙarfen kusa da yatsunsa. Wannan karon ya ja, amma kafin robar birki ta kama gargare, ƙarfen ya riga ya tokari kaurin da na naɗa. Na rage naɗi, birki ya samu hanya, hannu ya rasa riƙo. Na ƙara, hannu ya kama, birki ya ƙi. Na yi ta yi har gumi ya jiƙa mini riga, ina gunaguni ina zagin filaya, ita da ba ruwanta. Shi kuma yana tsaye yana kallona.

Can ya ce, "Usaini, bari haka. Faɗa mini gaskiya."

Na ce, "Malam, robar nan ba ta zame ba."

Ya ce, "Na sani."

Masu kai kaya kasuwa suna ta wucewa da kura suna ihun a ba su hanya. Ban taɓa jin nauyin sana'ata irin na ranar ba. Mutumin da ya tsaya mini lokacin da ba kowa, yau ya zo da abu ɗaya tak, kuma ba ni da shi a kwali.

Ina kallonsa ne sai na lura tun da ya zo bai zauna ba. Yana tsaye a gefen keken, hannunsa a kan naɗin tiyub ɗin, ya sakar masa nauyinsa. Na ce, "Malam, daga Koki da me ka zo?"

Ya ce, "Turo shi na yi mana. Rabi ta sa na rantse ba zan hau ba sai an gyara."

"Ka tsaya hutawa a hanya?"

Ya yi tunani ya ce, "Ko sau ɗaya. Abin mamaki, masallacin ƙofar gida ma sai na dafa bango nake zuwa."

Na ce, "To ka bar mini shi. Zan yi maka robar turi."

Kai, ka ga yadda ransa ya ɓaci! Ya ce, "Ni? In riƙa tura keke a cikin garin nan kamar wanda tayarsa ta yi faci? Kowa ya gan ni ya ce Malam lafiya? Gara in zauna a gida."

Ku ba ku tarar ba, amma a da a cikin birni, ba a wuce manya a kan keke. In ka zo majalisar dattawa, ko ƙofar malaminka, ko ƙofar surukinka, sauka kake yi ka tura, ka gaisa, sai ka yi nisa sannan ka hau. Malam Inuwa kuwa ya fi kowa riƙo da wannan. Na ce masa, "Malam, a da in ka taso daga Koki, rabin hanyar ai a ƙasa kake yin ta. Ka sauka a ƙofar malaminku na zaure, ka sauka a ƙofar surukinka baban Hajiya, ka sauka a dakalin masu saƙa. Wa ya taɓa tambayar ka ko ka yi faci?"

Ya dubi keken. Sannan ya zare makullin ya ajiye a kan bencina, ya bar keken, ya yarda na tsayar masa da adaidaita ranar kaɗai.

Aikin nan na yi shi a natse, na kori duk wani mai faci. Mai tura keke a hagu yake tafiya. Hannun hagu shi ke ɗaukar nauyi daga sama, na dama kuma tsallakawa yake ya daidaita hanya. Alherin lanƙwasasshen kai shi ne ƙahonnin biyu suna zuwa wajen mutum da kansu, ba sai ya sunkuya ba. Na naɗe na hagu da kauri, na shimfiɗa samansa ya yi faɗi yadda tafi zai kwanta. Na dama na bar shi madaidaici. Na sassaƙa 'yan itatuwa na toshe bakin ƙarfen saboda ruwa. Sannan na je wurin wani baduku abokina na karɓo jar fata mai laushi, muka jiƙa ta, muka ja ta a kai, ya ɗinke ta ƙasa inda ɗinkin ba zai ci hannu ba. Jiƙaƙƙiyar fata in ta bushe takurewa take yi ta kama, ko da wuƙa sai ka yi da gaske. Na kuma ɗan matse birkin baya yadda taya za ta riƙa ja kaɗan, kada keken ya tsere masa a gangare.

Rabi ta zo ta gani. Ta ce in cire feda da sarƙa don hankalinta ya kwanta. Na ce a'a. In na cire, ya zama sanda mai taya, kuma ba zai ko taɓa shi ba. Na wanke sarƙar ma na sa mata mai, na goge ƙararrawa. Na ce mata, "Babanki in ya faɗi magana ya faɗa. Ki bar shi da fedarsa."

Da Malam Inuwa ya zo karɓa, na turo masa shi. Ya ɗora hannun hagu, ya danna, ya ɗora na dama. Ya ɗan tura gaba, ya dawo baya. Ya kalli sirdi, ya kalli feda, ya ga komai na nan. Ya ce, "Usaini, ba zan hau ba. Ka faɗa wa Rabi ni na faɗa." Ya saɓa gefen rigarsa a kafaɗa, ya kama hanyar shagonsa. Na bi shi a baya kaɗan, wai zan sayo sholisho.

Bai yi nisa ba kuwa sai wani mai shayi ya ɗago kai ya ce, "A'a, Malam, lafiya? Faci ka yi ne?"

A raina na ce shi ke nan, yanzu zai jingine shi ya koma soro. Sai na ji ya ce, "Sauka na yi. Nan ƙofar wan mahaifiyata ce."

Mai shayi ya ce, "Ai mai gidan nan ya rasu tun ina yaro."

Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ƙofar ai tana nan."

Ya wuce a hankali, bayansa a miƙe, sarƙa na ƙyalli.

Yanzu kullum da safe sai ya biyo ta nan, ƙullin kayan yaji ɗaure a kariyar bayan keken, ya buga mini ƙararrawa. Ya yi ƙiba, ya dawo da tsiyarsa ta da. Fatar hagun har ta yi baƙi ta ɗauki siffar tafinsa. Ran nan ya tsaya muka gaisa, ya ce, "Usaini, ka san wani abu? Na duba daga Koki har nan, babu lungun da ba ni da wanda zan saukar wa. Malamai, ƙannen iyaye, abokan babana, duk suna nan a jere. Ashe duk shekarun nan rashin kunya nake yi, ina wuce su a kan sirdi."

Kai kuma mai cewa roba ce kawai, ajiye wayar nan. Miƙo hannunka mu gaisa.